Nutso da butalin iska: shin agogon kwamfuta ya kori jadawalin takarda?

Duk shekara idan ruwan Komadugu ya iso Diffa, hankalin jama'a yakan rabu biyu. Manoman tattasai da shinkafa suna murna, iyaye kuwa suna fargaba, domin lokacin ne yara ke rugawa bakin kogi, lokacin ne kuma kwale-kwale kan kife da mutane da kaya. Idan wani ya nutse, masunta ne ke fara faɗawa ruwa da numfashin ƙirjinsu kawai. Idan abin ya gagara sai a ji ana cewa ina ma a ce akwai masu nutso da butalin iska a baya, irin na ƴan kwana-kwana.

A yau kusan duk mai irin wannan nutso yana ɗaure da wata ƴar na'ura a wuyan hannu, mai kama da agogo, wadda ke faɗa masa zurfin da yake, mintocin da ya yi, da lokacin da ya kamata ya taso. Kafin zuwanta, jadawali ne na lambobi, a kan takarda ko farantin roba, ke yin wannan aiki. Shi ya sa ake yawan tambaya: tun da kwamfuta ta zo, me ya rage wa jadawali? Amsar a taƙaice ita ce, a ƙarƙashin ruwa kwamfutar ta karɓe yawancin aikin, amma ba ta karɓe shirin da ake yi kafin a shiga ruwa ba, ba ta kuma da amfani ranar da ta mutu ko ranar da ido ba ya ganinta. Ga matashin da ke son shiga aikin ceto, da hukumar da za ta sayi kayan, bambancin yana iya zama tsakanin komawa gida da ƙafa da komawa a kan keken guragu.

Abin da ruwa ke yi wa jikin mai nutso

A bakin kogi, iskar duniya tana danne mutum da matsin da ake aunawa bar 1. Duk mita 10 da ya sauka a cikin ruwa, matsin yana ƙaruwa da kimanin bar 1. A mita 10 ya zama bar 2, a mita 30 ya zama bar 4. Butalin yana ba mai nutso iska daidai da matsin wurin da yake, in ba haka ba ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ba.

Iskar da ake shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Kashi 78 wata iska ce da ake kira azot, ko naitirojin a bakin mutanen Najeriya, wadda jiki ba ya amfani da ita. A ƙarƙashin matsi, azot ɗin yana narkewa cikin jini, daga nan ya shiga tsoka, kitse, gaɓoɓi da lakar ƙashin baya. Gwargwadon zurfi da daɗewa, gwargwadon yawan abin da jiki ya sha.

Wanda ya taɓa buɗe kwalbar lemo ya ga sauran labarin. Muddin murfin yana rufe, ba a ganin iskar da ke ciki. Idan aka buɗe a hankali, iskar ta fita salin-alin. Idan aka fizge murfin, kumfa ya taso. Haka jikin mai nutso yake. Idan ya taso a hankali, azot ɗin yana komawa huhu ya fita tare da numfashi. Idan ya yi gaggawa, kumfa ya fito a cikin jini da nama, ya toshe hanyoyin jini, ya danne jijiyoyi. Alamomin sun haɗa da ciwon kafaɗa ko gwiwa, ƙaiƙayi da tabo a fata, jiri, mutuwar ƙafafu, fitsari ya ƙi fita, har shanyewar jiki ko mutuwa. Yawanci suna bayyana cikin awannin farko bayan an fito, wasu kuma sai an kusa kwana.

Masuncin da ke nutsewa da numfashi ɗaya, irin waɗanda ake gani a Komadugu ko a bikin kamun kifi na Argungu, wannan cuta ba ta cika shafarsa ba, domin bai shaƙi iska mai matsi a ƙasan ruwa ba, kuma ba ya wuce minti ɗaya ko biyu.

Daga awakin Haldane zuwa MN90

Ba a wajen nutso kawai aka ga cutar da yawa ba, har a wajen gina gadoji. A shekarun 1870, masu haƙa harsashin gadar Brooklyn a birnin New York na Amurka suna aiki cikin manyan akwatuna da aka cika da iska mai matsi a ƙasan kogi. Fiye da 100 sun kamu, wasu sun mutu, kuma injiniyan aikin, Washington Roebling, ya naƙasa har ƙarshen rayuwarsa. A 1878 masanin Faransa Paul Bert ya nuna cewa kumfan azot ne sanadi, ya kuma ba da shawarar a riƙa rage matsi a hankali.

Amma a hankali kamar yaya? Wanda ya fara ba da amsa da lambobi shi ne John Scott Haldane, wanda rundunar ruwan Ingila ta ba aikin. Ya yi gwaji da awaki a cikin ɗakin matsi, ya kasa jiki kashi biyar a lissafi, daga mai saurin shan azot zuwa mai jinkiri, sannan a 1908 ya fitar da jadawali. Dabararsa ita ce zango: kamar fatake a hanya, mai nutso yana tasowa ya tsaya a wani zurfi na wasu mintoci, sannan ya ƙara tasowa. Har gobe a kan wannan dabara ake.

A ƙasashen da ke koyon nutso a tsarin Faransa, jadawalin da aka fi sani shi ne MN90, wanda rundunar ruwan Faransa ta fitar a 1990. Zangunansa suna mita 3, 6, 9 da abin da ya yi ƙasa, kuma an gina shi a kan tasowa da gudun mita 15 zuwa 17 a minti. Yana nuna iyakar da mutum zai yi ba tare da zangon dole ba: a mita 12, awa 2 da minti 15, a mita 15, awa 1 da minti 15, a mita 20, minti 40, a mita 25, minti 20, a mita 30, minti 10, a mita 40, minti 5 kacal. Wanda ya wuce iyaka ya ci bashi. A mita 30, minti 20 na jawo zangon minti 2 a mita 3. Minti 30 na jawo minti 9. Minti 35 na jawo minti 17. Bashin yana hauhawa fiye da yadda lokacin ke ƙaruwa, kuma wannan ne darasi na farko da jadawali ke sa wa mutum a ka.

Abin da kwamfutar ke yi

Kwamfutocin nutso na farko da suka shiga kasuwa sosai sun fito a 1983. Da yawa daga cikin na yau suna aiki da lissafin likitan nan na birnin Zurich a Suwizalan, Albert Bühlmann, wanda ya faɗaɗa kashi biyar na Haldane zuwa 16. A cikin na'urar akwai ma'aunin matsi, agogo da batir. Duk bayan ƴan daƙiƙoƙi tana auna zurfi, ta sake lissafin azot ɗin da take zaton jiki ya sha, ta nuna sakamakon.

Amfaninta a fili yake. Jadawali yana ɗauka cewa mai nutso ya yi dukkan lokacinsa a wuri mafi zurfi da ya taɓa. A ce mutum ya sauka mita 30 ya yi minti 5, sannan ya taso mita 12 ya yi minti 30. Jadawali zai rubuta masa minti 35 a mita 30, ya ɗora masa zangon minti 17. Kwamfuta kuwa ta san cewa yawancin lokacin a sama-sama ya yi shi, don haka sau da yawa ba za ta nemi zangon dole ba. Tana ƙara idan mutum ya taso da sauri, yawancinsu ma sun fi son mita 9 zuwa 10 a minti. Tana riƙe da lissafin nutson safe idan za a sake shiga da yamma. Ba ta kuskuren layi, ba ta manta duba agogo, abubuwan da mai nutson da ya gaji ko ya tsorata yake yi. Saboda haka makarantun nutso da yawa a duniya yanzu da kwamfuta suke fara koyarwa.

Sai dai akwai abin da ya kamata a riƙe: kwamfutar ba ta auna jinin kowa. Jadawali ce da ke lissafa kanta a kan hanya. Ba ta san shekarun mai ita ba, ba ta san ƙibarsa ba, ba ta san ya kwana bai yi barci ba, ko ya wuni cikin zafin Afrilu bai sha ruwa ba, ko yana jan gawa da igiya a ƙasan ruwa. Duk waɗannan suna ƙara haɗari. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ma yana da wata ƴar kafa a zuciya tun haihuwa, wadda kan bar kumfa ya tsallake huhu ya wuce ƙwaƙwalwa. Kwamfutoci biyu na kamfanoni daban, a hannun mutum ɗaya, suna iya ba da mintoci daban. Kuma ana samun waɗanda suka kamu da cutar alhali ba su saɓa wa na'urarsu ko kaɗan ba.

Wurare huɗu da jadawali ke da sauran aiki

Na farko shi ne shiri. Kwamfuta tana faɗin halin da ake ciki yanzu, iskar da za a buƙata kuwa tun a bakin ruwa ake lissafa ta. Butali mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 yana ɗauke da lita 2400. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti a sama, a mita 30 lita 80 zai riƙa sha, domin matsin ya ninka huɗu. Ke nan cikin minti 30 butalin ya ƙare ƙaf, daidai lokacin da ake binsa zangon minti 9. Kwamfutar za ta nuna masa bashin daidai, amma ba ta da iskar da za ta ba shi ya biya. Wanda ya buɗe jadawali tun da farko ya san cewa aikin ba zai wuce minti 15 zuwa 20 ba. Gaskiya ne kwamfutoci suna da shafin shiri da ke jero zurfi da mintoci, amma shafin nan shi ma jadawali ne, kuma sai wanda ya iya karatun na takarda yake gane shi.

Na biyu shi ne ranar da na'ura ta mutu. Batir yana ƙarewa, ruwa yana shiga ta bakin murfi, zafin da ke cikin motar da aka bari a rana yana lalata kayan lantarki. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a katse nutson nan take, a taso a hankali, a tsawaita tsayuwa a kusa da mita 3 zuwa 5, sannan a haƙura da ruwa aƙalla awa 24, domin sabuwar kwamfuta ba ta san azot ɗin da ya rage a jiki ba. Wannan ya wadatar ga wanda bai ci bashin zango ba. Wanda ya riga ya ci, dole ya san ko minti nawa ne, kuma ba zai sani ba sai yana da agogo, ma'aunin zurfi da jadawali a aljihu, ko kwamfuta ta biyu da ta shiga ruwan tare da shi. Dalilin nan ne ya sa ba a karɓa-karɓa da kwamfuta ɗaya tsakanin mutum biyu a rana guda.

Na uku shi ne gane ƙaryar na'ura. Ana iya saita ta a kan iskar da aka ƙara wa oksijin alhali iskar gama-gari ce a butali, sai ta riƙa ba da mintocin da babu su. Lissafin cikinta ma yana iya zuwa da aibi: a 2003 an janye wani samfurin kwamfutar nutso ƙirar 1995 daga kasuwar Amurka saboda kuskuren lissafi, bayan wasu sun kamu da cutar. Mai nutson da ya haddace cewa mita 30 minti 10 ne, idan ya ga na'urarsa ta rubuta 40, ya san akwai matsala. Wanda bai taɓa ganin jadawali ba zai yi murna ne.

Na huɗu shi ne aikin ƙwararru. A gyaran ƙofofin madatsar ruwa ko bututun man fetur, sau da yawa ta tiyo ake aika wa mai nutso iska daga sama, kuma shugaban aikin da ke bakin ruwa ne ke riƙe da agogo da jadawali, shi ke cewa a tsaya ko a taso. Faransa tana da jadawali na musamman don ma'aikata, MT92, wanda ma'aikatar ƙwadago ta fitar a 1992, aka kuma sabunta shi daga baya. Labarin Harrison Okene ya nuna iyakar agogon hannu. Shi kuku ne a jirgin Jascon-4 da ya kife a gaɓar tekun Najeriya a watan Mayun 2013. Ya rayu kimanin awa 60 a cikin wata ƴar iska da ta maƙale a jirgin, a zurfin mita 30. Da masu nutso suka same shi, ba su fito da shi sarari kai tsaye ba, domin jikinsa ya ƙoshi da azot. Sun shigar da shi ɗakin matsi, inda ya yi fiye da kwana biyu ana rage matsin kaɗan-kaɗan bisa jadawali.

To, a Komadugu fa?

Daga Maine-Soroa zuwa Shetimari, Diffa, Geskeru har Bosso inda yake zuba a tafkin Cadi, Komadugu kogi ne marar zurfi. Ko a manyan ambaliyoyin 2019 da 2022, ma'aunin ruwa na Bagara bai kusanci mita 10 ba. Tafkin Cadi ma galibinsa ƴan mitoci ne. A MN90, mai nutso a mita 6 ko 8 yana iya yin awanni ba tare da zangon dole ba, butalinsa zai ƙare tun kafin ya ci bashi. Don haka a wannan kogi cutar kumfa ba ita ce babbar barazana ba.

Barazanar farko ita ce fashewar huhu. Iskar da aka shaƙa daga butali tana kumbura yayin da ake tasowa: daga mita 10 tana ninkawa biyu, daga mita 3 tana ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin 100. Wanda ya tsorata ya riƙe numfashi ya yo sama zai iya yage huhunsa ko a ruwan da bai kai mita 2 ba. Abin ya fi kama masunci gwani, domin duk rayuwarsa riƙe numfashi ya saba. Babu jadawali ko kwamfutar da ke hana wannan, horo ne kawai. Haka kuma duk wanda ya jona tiyo da injin hura taya don ya daɗe a ƙasan ruwa yana wasa da ransa sau biyu, domin ban da wannan haɗari, injin yana iya tura masa hayaƙi da mai cikin huhu.

Sai ƙarfin ruwa, da tarun masunta da rassan itace da ke maƙale mutum, da duhu. A ruwa mai taɓo irin na lokacin cikar kogi, mai nutso ba ya ganin tafin hannunsa, balle lambobin da ke kan agogo. A irin wannan hali igiya ce ke magana: mutumin da ke bakin ruwa yana riƙe da ita, yana duba lokaci, yana rubutawa.

Zurfi na gaske yana can sama, inda ruwan ya taso. Komadugu yana samun ruwansa ne daga kogunan Haɗeja da Jama'are a Najeriya, kuma a kan rassan Haɗeja, a jihar Kano, akwai madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, kowacce tsayin bangonta ya haura mita 40. A irin waɗannan wurare wani lissafi yana ƙaruwa. An gina MN90 don wuraren da ba su wuce mita 300 a saman teku ba. Diffa tana daidai bakin wannan iyaka, yankin Kano kuwa ya wuce ta, don haka sai an gyara lambobin, tun da iskar da za a fito a tarar ta fi ta bakin teku sauƙi. Wasu kwamfutoci suna gyarawa da kansu, wasu sai an saita su da hannu, kamar yadda ake zaɓa musu ruwan daɗi ko na gishiri. Mai saitin dole ya san dalilin saitin.

Idan abin ya faru

Maganin cutar kumfa shi ne a mayar da mutum cikin matsi a ɗaki na musamman, wanda a Faransanci ake kira caisson, ana ba shi oksijin. Irin waɗannan ɗakuna sun fi yawa a biranen bakin teku da wuraren haƙar mai a cikin ruwa, teku mafi kusa da Diffa kuwa yana da nisan kimanin kilomita 1000, Yamai ma ta haura kilomita 1300 a mota. Ɗaukar marar lafiya a jirgin sama yana da nasa haɗari, domin raguwar matsi tana ƙara girman kumfa. Ko mai lafiya ana so ya jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya marar zango, awa 18 bayan nutso da yawa, masu taka-tsantsan kuma sukan cika awa 24 kafin su hau jirgi.

Kafin a kai ga likita, abin yi shi ne a kwantar da mutum, a ba shi oksijin tsantsa ba tare da yankewa ba, a ba shi ruwa ya sha idan yana cikin hayyacinsa, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Kada a mayar da shi cikin kogi da sunan magani, kada kuma a yarda da sauƙin da ya ji bayan oksijin, domin alamomin kan dawo. A tafi asibiti da kwamfutarsa da takardar da aka rubuta zurfi da mintoci, likita zai buƙace su.

Inda magani yake da nisa haka, rigakafi ne jari. Duk rukunin ceto da za a ba kayan nutso yana buƙatar kwamfuta ɗaya ga kowane mutum, batir na canji, butalin oksijin a bakin ruwa, agogo da ma'aunin zurfi daban, da jadawali a kan farantin roba wanda kowa ya iya karantawa. A cikin jerin nan jadawalin ne mafi araha, kuma ba ya buƙatar batir.